Rijiyar da Ba Ta da Maciji: Fashin Baƙi Kan Saɓanin Masu Karatu Game da Wani Labarin Matasa

A wani dare cikin hunturun da ya wuce, ina zaune a zauren gidanmu da ke cikin birnin Katsina, sai ɗiyar ƙanwata, wadda take aji biyar a sakandare, ta shigo riƙe da wayar mahaifiyarta, idanunta sun yi ja kamar wadda aka aiko wa da saƙon rasuwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Kawu, wallahi an cuce mu. Mako bakwai muna bin labarin nan, kullum sai na aika da waya caji shagon bakin titi don kada shafi ya wuce ni, ashe haka za a ƙare shi." Na tambaye ta ko jarumar labarin ce ta mutu. Ta ce ai da mutuwa ta yi da ya fi sauƙi, domin abin da ya faru shi ne an gano wanda ya yi kisan, kowa ya san shi, amma labarin ya ƙare yana nan a gidansa yana alwala.

Na karɓi wayar na karanta labarin cikin kwana uku, kuma daga nan na riƙa jin zancensa a wuraren da ban yi zato ba: a ɗakin malamai, a majalisar da muke zama bayan la'asar, har ma a bakin ƙanwata, wadda ba ta karanta shi ba amma tana da hukunci a kansa. Ba zan kama sunan labarin ko na marubuciyarsa ba, saboda ba talla ce ta kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda labari ɗaya ya sa mutanen gari ɗaya, masu addini ɗaya da harshe ɗaya, suka fito da hukunce-hukunce masu karo da juna, alhali kowannensu yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. An kafa shi ne a wani birni na ƙasar Hausa bayan shekara sittin daga yau, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, ruwa ya koma hannun wata hukuma guda ɗaya. Kowane mutum yana sanye da munduwa mai lamba a hannunsa, kuma da ita ce kawai famfo yake buɗewa, ya zuba masa gwargwadon rabonsa na rana ya rufe. Wanda ba shi da rajista ba shi da lamba, wanda ba shi da lamba kuwa sai dai ya sha daga rabon wani. Jarumar yarinya ce 'yar shekara goma sha shida da aka ɗauka aikin rubuta adadin ruwan da ke fita daga famfon unguwarsu. Wata safiya aka tsinci gawar wanta a bakin madatsar ruwa, an cire masa munduwa, hukuma ta ce zamewa ya yi. Bayan kwana arba'in, tana cikin aikinta, sai ta ga lambar wan nata ta fito a littafin rajista, wato wani yana ɗebo ruwa da sunan mamaci. Bin sawun wannan lamba ne ya kai ta gidan wanda ya yi kisan, wato maƙwabcinsu, mai gadin madatsar, dattijon da ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, wanda yake da 'ya'ya bakwai amma huɗu kawai hukuma ta yarda ta yi wa rajista. A samansa kuma akwai wani babban jami'i da ke sayen lambobin matattu yana sayarwa. Da ta tattara shaidarta ta nufi ofishin kai ƙara, sai ta iske jami'in nan ne zaune a kan teburin karɓar ƙorafi. Ta juya ta koma gida. A shafi na ƙarshe, ƙaramar ɗiyar mai gadin ta shigo gidansu da moɗa, jarumar ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta tsiyaya mata daga rabonta.

Domin a gane dalilin da ya sa wannan ƙarshe ya tayar da ƙura, sai an fara gane cewa marubuciyar ta aurar da nau'o'in labari guda biyu waɗanda alkawarin da kowannensu yake yi wa mai karatu ya saɓa da na ɗan'uwansa.

Na farko shi ne labarin binciken laifi. Masana adabi suna danganta samuwarsa a siffar da aka san shi yau da wani gajeren labari da Edgar Allan Poe ya buga a Amurka a 1841, sannan ya bunƙasa a Ingila daga 1887. Ba haka kawai ya ɓullo a wannan ƙarni ba, domin shi ne ƙarnin da manyan biranen Turai suka kafa 'yan sanda irin na zamani, kamar rundunar da aka kafa wa Landan a 1829. Labarin binciken laifi ɗan wannan tsari ne, kuma ya dogara da yarda cewa al'umma lafiya lau take, sai wani mugu ya zo ya keta ta, sai mai bincike ya bi sawu ya gano shi, a miƙa shi ga hukuma, al'amura su koma yadda suke. Mai karatu yana jure ganin gawa a shafi na farko ne saboda ya san akwai ankwa a shafi na ƙarshe. Wannan nau'i ba baƙo ba ne a Katsina. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980 sun sha littattafan Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, kuma a 1982 'ya'yan Katsina biyu suka fito da littattafan Hausa da suka shiga duniyar miyagu kai tsaye: Sulaiman Ibrahim Katsina da Turmin Danya, wanda ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci, da kuma Bature Gagare da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Sunan na biyun kaɗai ya isa shaida a kan abin da nake faɗa, domin tun daga bango an riga an sanar da mai karatu inda mugu zai ƙare.

Nau'i na biyu shi ne wanda Turawa ke kira distofiya, ni kuwa na fi son in kira shi labarin baƙar gobe. Asalin kalmar yana komawa ga Thomas More, wanda a 1516 ya wallafa littafi a kan wani tsibiri na ƙage inda komai yake tafiya daidai, ya raɗa masa suna Utopia, daga kalmomin Girka masu nufin wurin da babu shi. Daga baya aka samar da kishiyar kalmar don wurin da komai ya lalace, kuma an ji ta a bakin John Stuart Mill a majalisar dokokin Birtaniya a 1868. A ƙarni na ashirin, bayan mutane sun ga abin da gwamnatocin kama-karya suka iya aikatawa da rajista da na'urori da farfaganda, sai nau'in ya zama babban reshe na adabi, George Orwell ya zama sunan da aka fi ambata a kansa. Shi ma wannan ya taɓa ratsowa ta ƙasarmu, domin Bala Abdullahi Funtua ya mayar da ɗaya daga cikin littattafan Orwell zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Daga 2008, bayan fitowar littafin The Hunger Games a Amurka, nau'in ya koma kasuwar matasa 'yan shekara goma sha biyu zuwa goma sha takwas, aka yi ta fitar da irinsa ana mayarwa finafinai, kuma ta hanyar finafinan ne da fassarar da ake ɗora musu da Hausa yawancin yaranmu suka san shi. Ginshiƙin wannan nau'i shi ne cewa tsarin da ke mulkin jama'a shi kansa ne cutar. Babu inda za a kai ƙara, domin mai karɓar ƙarar yana cikin abin da ake ƙara a kansa.

Idan aka haɗa waɗannan biyu a littafi ɗaya, dole ɗaya ya karya alkawarinsa. In an kama mai laifi an hukunta shi bisa adalci, to hukumar tana aiki ke nan, labarin ya daina zama na baƙar gobe. In kuwa hukumar ta tabbata ruɓaɓɓiya har ƙarshe, to binciken ya kai ga sani kawai, bai kai ga hukunci ba. Marubuciyar ta zaɓi na biyu, kuma kukan ɗiyar ƙanwata kukan wadda ta shiga da alkawari na farko ne. Mako bakwai tana tattara alamu tare da jarumar, tana zargin wannan tana wanke wancan, har ta ci gasar da suka yi da ƙawayenta ta hango mai gadin tun kafin a bayyana shi, sai aka hana ta ladan wahalarta.

Wanda ya fi kowa fayyace mini wannan al'amari wani abokin aikina ne mutumin Daura, malamin tarihi, wanda na tura wa labarin don in ji ra'ayinsa. Bayan ya gama sai ya ce da ni, "Malam, ai mu muka riga kowa labarin ruwan da ake rabawa da ƙa'ida." Yana nufin rijiyar Kusugu, wadda har yau take nan a Daura ana ziyartarta, da macijin da ya hana mutanen gari ɗebo ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo cikin dare ya sare masa kai. Ya ce a lura da yadda aka gina wannan labari: zaluncin yana da jiki, yana da mazauni, yana da wuya da takobi zai iya kamawa, kuma da an sare kan shi ke nan, gari ya waye kowa ya ɗebi ruwa, sarauniya ta saka wa jarumi. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tsari tun daga tatsuniya, inda Gizo yake yin ta'asa amma asirinsa yake tonuwa, har zuwa karin maganar da ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Labarin yarinyar nan kuwa rijiya ce da aka leƙa ba a ga maciji ba. In an kashe mai gadin, 'ya'yansa uku marasa lamba suna nan da ƙishirwarsu. In an tsige jami'in, teburin yana nan, munduwa tana nan, wani zai zauna. Abokina ya ce shi labarin ya burge shi, amma ya fahimci wanda ya ji kamar an ba shi tuwo babu miya.

Wannan ita ce ƙungiya ta farko ta masu karatu, waɗanda suka nemi hukunci ba su samu ba. Ƙungiya ta biyu ta fi ba ni tsoro, kuma ita ce ta waɗanda ba su ga wani abin mamaki a labarin ba ko kaɗan.

Akwai wani ɗalibina da iyayensa suka baro ƙauyensu a yankin Batsari suka dawo cikin birni. Da zancen labarin ya taso a aji, yaran birni suna ta muhawara a kan ko zai yiwu a wayi gari ana buɗe famfo da lamba, shi kuwa ya yi shiru har sai da na tambaye shi. Ya ce, "Malam, ni jiya na gani a ciki." Ya tuna mana da cewa a ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin jiha ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, ciki har da tasu, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ya ce ya san mutumin da ya yi tafiya mai nisa don kawai ya samu inda waya za ta kama ya sanar da dangi rasuwa. Ya kuma ce, cikin sanyin murya, a ƙauyensu kowa ya san wanda yake kai wa 'yan daji labari, ana haɗuwa da shi a masallaci, kuma babu mai iya buɗe baki, saboda ba a san kunnen da maganar za ta faɗa ba. A wurinsa, yarinyar da ta ga jami'in a kan tebur ta juya ta koma gida ba ta yi abin kunya ba, ta yi abin da duk mai hankali zai yi ne.

A nan ne bambancin mai karatu na Katsina da wanda aka ƙirƙiro wannan nau'i dominsa yake fitowa fili. Yaron da ke karanta labarin baƙar gobe a ƙasar da famfo ke zuba dare da rana yana karanta gargaɗi ne, ana nuna masa abin da zai iya faruwa in aka yi sake, kuma nisan da ke tsakaninsa da labarin shi ne yake ba shi damar jin daɗin tsoron. Yaron da yake da wayo a ranar 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wanda kuma ya ga iyayensa suna kwana a layin banki a farkon 2023 da kuɗinsu a asusu amma babu takardar naira a hannu, ba shi da wannan nisa. Hatta munduwar mai lamba ba ta yi masa kama da almara ba, tunda daga 2021 ba a yin rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN, kuma kusan kowane ɗalibi ya san wani da na'ura ta ƙi karanta yatsansa a ranar da ya fi bukatar ta karanta. Ba ina cewa waɗannan matakai daidai suke da zaluncin da ke cikin labarin ba, domin kowannensu yana da dalilin da aka bayar, wasu ma dalilai ne masu ƙarfi. Abin da nake nufi shi ne yaron ya riga ya san yadda ake ji idan rayuwar mutum ta rataya a kan wata lamba da ke hannun wanda bai san shi ba, don haka yana karanta labarin ne kamar mai duba hoton unguwarsu da aka ɗan ƙara wa duhu.

Wannan ma shi ne sirrin da ya sa nau'in ya fi kama matasa a ko'ina. Shekarun balaga su ne lokacin da mutum yake da hankalin gane rashin adalci amma ba shi da ikon yin komai a kansa, ana tsara masa lokacin barci da na tashi, ana tantance makomarsa da jarrabawar kwana ɗaya, ana ce masa ya yi shiru manya na magana. Labarin da ya ɗauki mai irin shekarunsa ya sa shi ya gano abin da manya suka ɓoye yana sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi.

Ƙungiya ta uku ita ce ta iyaye, kuma ƙanwata ce wakiliyarsu a gidanmu. Ta same ni da safe ta ce, "Yaya, kai da ya kamata ka tsawata mata, sai ka karɓi wayar kai ma ka duƙufa? Yarinya ta kwana uku ba ta cin abincin kirki saboda labarin ƙarya. Kuma me ake koya musu, in ba yadda ake kashe mutum a kwana lafiya ba?" Irin wannan fargaba tsohuwa ce a adabinmu. An yi wa littattafan soyayya na kasuwar Kano irinta tun daga shekarun 1980, har ta kai ga an ƙona wasunsu a bainar jama'a a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Sai dai ƙorafin ƙanwata kashi biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Batun koyar da kisa ban ga ƙarfinsa ba, domin labarin bai nuna yadda aka yi kisan ba, kuma yaron da ya taso yana jin labarin ƙauraye a unguwa da na 'yan bindiga a rediyo ba ya jiran ƙagaggen labari ya buɗe masa ido. Kashi na biyu shi ne mai nauyi, wato tsoron kada a dasa wa yaro ɗebe tsammani, ya taso da yaƙinin cewa gaskiya ba ta da amfani kuma kai ƙara ɓata lokaci ne. A wurin Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce, tunda yanke ƙauna daga rahamar Allah abu ne da aka yi hani da shi. Uwa tana da haƙƙin tambayar abin da zai saura a zuciyar ɗiyarta bayan an kashe waya.

A kan wannan gaɓa ce nake ganin marubuciyar ta yi kuskurenta mafi girma, kuma ba a shafi na ƙarshe ta yi shi ba. Ta gina birnin Hausawa mai shekara sittin a gaba, ta ba mutanensa sunayenmu da abincinmu da gaisuwarmu, amma ta bar shi babu malami ko ɗaya da yake da ta cewa, babu liman da ya ɗaga murya ko ya yi shiru don tsoro, babu wanda ya tambayi hukuncin taimama a garin da ruwan alwala yake da lamba. Alwalar mai gadin da ta baƙanta wa ɗiyar ƙanwata rai ita ce kusan kawai inda addini ya leƙo. Haka nan jarumar tana yawo ita kaɗai kamar wadda ta faɗo daga sama, ba kawu, ba gwaggo, ba mai unguwar da za a fara kai wa magana. Wannan siffa ta matashin da ke fuskantar duniya shi kaɗai an ɗauko ta ne daga finafinan waje ba tare da an yi mata kwaskwarima ba. A Katsina, yarinyar da aka kashe wa wa ba ita kaɗai za ta ɗauki maganar ba, kuma da marubuciyar ta nuna yadda dangi suka taru suka yanke shawarar a bar wa Allah, da yadda yarinyar ta ji da wannan shawara, da labarin ya fi ciwo kuma ya fi zama namu. Wani dattijo a majalisarmu ya ce shi abin da ya hana shi yarda da labarin ke nan, domin ko a lokacin yunwa mafi tsanani da ya ji iyayensa suna ba da labari, ba a rasa wanda ya tashi ya yi wa masu ɓoye hatsi wa'azi ba.

Akwai kuma masu ƙorafin cewa babu soyayya a ciki, har wasu suka yi ta roƙon a haɗa jarumar da wani saurayi mai tura kurar ruwa da ya taimaka mata sau biyu. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, sabo ne da kasuwar da soyayya ta mamaye shekara arba'in.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda hanyar da labarin ya bi ya iso ga mutane ta ƙara wa saɓanin zafi. A da, marubuci yakan gama littafinsa, a buga, a kai kasuwa, mai karatu ya saya ya karanta shi kaɗai, in ya ji haushi ya yi tsaki ya ajiye. Yanzu yawancin labaran Hausa na matasa ana sakinsu ne shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad da makamantansu, sau da yawa a ba da farkon kyauta, sannan a ce mai son ci gaba ya biya ta banki ko da katin waya. Wanda ya biya kafin a gama rubutu yana jin yana da hannun jari a labarin, kuma yana faɗin abin da yake so tun labarin yana kan wuta. Marubuta da yawa sukan bi wannan iska, su tayar da wanda suka yi niyyar kashewa, ko su aurar da waɗanda ba su yi niyyar aurarwa ba. Saboda haka, lokacin da wannan marubuciya ta ƙi lanƙwasawa, wasu masu karatu sun ɗauke shi a matsayin cin amanar ciniki, kamar telan da aka ba ɗinkin Sallah ya kawo abin da ya ga dama. Kalmar "an cuce mu" da ɗiyar ƙanwata ta yi amfani da ita kalmar kasuwa ce, kuma ba da wasa ta faɗe ta ba.

Ni dai ra'ayina a kan shafin ƙarshe shi ne marubuciyar ta yi daidai, kuma moɗar ruwan nan ita ce abu mafi kyau a labarin gaba ɗaya. Waɗanda suka karanta ta a matsayin yafiya sun yi gaggawa, domin babu inda aka ce jarumar ta yafe wa mai gadin, kuma ba ta sake gaishe shi ba har labarin ya ƙare. Waɗanda suka karanta ta a matsayin miƙa wuya su ma sun yi gaggawa. Dokar birnin gaba ɗaya ta tsaya ne a kan cewa marar lamba ba ya shan ruwa, kuma wannan doka ce ta mayar da dattijon kirki mai kisan kai. Yarinyar da ta zuba wa marar lamba ruwa daga rabonta ta karya wannan doka a cikin gidansu, a daidai wurin da ikonta ya kai, kuma ta ƙi ɗora wa ƙaramar yarinya laifin ubanta, abin da addininmu ma ya hana. Hukuncin da masu karatu suke nema ba ya hannunta, kuma da marubuciyar ta ƙago wani adalin alƙali ya faɗo daga sama a shafi na ƙarshe, da ta ƙaryata duk abin da ta gina cikin mako bakwai. Sai dai na yarda cewa wannan karatu nawa na mutum ne mai furfura, wanda ya ga shari'o'i da yawa sun mutu a kan tebur, kuma ba ni da ikon tilasta wa 'yar shekara goma sha shida ta ji daɗin abin da ni ma shekaru ne suka koya mini haƙuri da shi.

Na gwada yi wa ɗiyar ƙanwata wannan bayani, ta saurare ni har na gama saboda ladabi, sannan ta ce, "Na ji, Kawu, amma ni da ni ce, sai na zuba wa yarinyar ruwan, kuma sai na kwafe littafin rajistar nan na liƙa a ƙofar kowane masallaci kafin asuba." Na ce mata ai a birnin labarin ba a nuna masallaci ba. Ta ce to wannan ma laifin marubuciyar ne. Na samu labari daga mahaifiyarta cewa ta sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, ita da ƙawayenta biyu suna rubuta nasu ci gaban, kuma ɗalibina na Batsari ya aika musu da saƙo ta hannun ƙanwarsa cewa in har za su liƙa takardar, to su fara tunanin inda jarumar da mahaifiyarta za su kwana a daren da ya biyo baya.